Daminar da Dutsi Ya Sauko

Da na bar aikin soja na dawo gida Adar, abu ɗaya na iya bayan noma, shi ne aikin waya. Shekara shida na yi ina jan wayar tarho a bayan runduna, ina ɗaura ta, ina bin ta da hannu don neman inda ta tsinke. Ban zaci zan ƙara cin moriyar wannan ba. Sai ga shi shekaru kaɗan bayan ƙasarmu ta samu ƴancin kanta, aka ce masu neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa suna son mutumin da ya san waya. Na je Madawa na gabatar da kaina, aka ɗauke ni. Lokacin ina da shekara talatin da ƴan kai, da mata da ɗiya biyu a Buza.

Shugaban ayarinmu wani injiniya ne Bafaranshe, dogo siriri, mai ƙarancin magana. Mushe muke ce masa, shi kuma Kafaran yake kirana, da muƙamin da na bar soja da shi. Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya: duk inda muka sauka sai ya ɗebi ƙasa ya sa a baki, ya tauna ta da haƙoran gaba, ya tofar.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai akwatin katako mai allura a fuska kamar ta agogo, da akwatunan pil, wato batir, masu nauyin tsiya, da turakun ƙarfe huɗu, da naɗin waya mai tsawo. Ana kafa turakun a layi ɗaya. Biyun waje su tura wuta cikin ƙasa, biyun tsakiya su ji yadda ta wuce, allura ta nuna. Busasshen dutse yana tare wuta, jiƙaƙƙiyar laka kuwa tana barin ta ta wuce cikin sauƙi. In aka ƙara nisanta turakun waje, wutar sai ta ƙara nutsawa, ta haka ake sanin abin da ke kwance a kowane zurfi. Shekara biyu ina jan waya kafin Mushe ya fara zaunar da ni gaban akwatin. Ya koya mini rubuta abin da allura ta nuna a cikin kaye, littafin aikinmu, da yin lissafinsa, da ɗiga shi a kan takarda har ya zama lanƙwasasshen layi wanda ake karantawa.

Wata bazara, ana zafin nan da ke hana tsuntsu kuka, muna sauke a ƙarƙashin itatuwan gawo cikin wani kwari kusa da Garhanga, muna neman wuraren rijiyoyi. Da hantsi sai ga wata tsohuwa ta nufo mu, gajeriya, baƙa, hannuwanta kamar na namiji, ɗauke da ƙwarya a rufe da faifai. Ta yi sallama, ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"An ce ku ne masu akwatin da ke ganin cikin ƙasa," ta ce.

Na ce, "Mu ne, Inna. Rijiya kuke so?"

"Muna da rijiya. Dutsinmu ne ke tahiya."

Ma'aikatanmu biyu suka yi dariya. Ita ko kallonsu ba ta yi ba, ta buɗe ƙwaryar. Curin yumɓu ne a ciki, mai launin toka, yana naso. Ta ce ita maginiyar tukwane ce a ƙauyen da ke bayan wancan tudun. Tun tana budurwa take ɗibar yumɓu a rami ɗaya a gindin dutsi, ramin da uwarta ta bar mata. Kowane rani yumɓun yana bushewa ƙamas, sai ta jiƙa shi kwana uku kafin ya kwaɓu. Bana kuwa ga shi jiƙe, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Bakin ramin da yake a kewaye ya matse ya zama kamar bakin tulun da aka jingina kafin ya bushe. Rumbunta ya karkata. Ƙyauren ɗakinta sai ta ɗaga shi kafin ya rufu. A saman dutsin kuma akwai tsaga, wadda da awaki ke taka ta su wuce, yanzu sai sun yi tsalle.

Na fassara wa Mushe. Kwana biyu ke nan yana fama da zazzaɓi, yana kwance a inuwar kamyo, babbar motarmu, amma ya tashi zaune. Ya gutsuri yumɓun ya sa a baki. Tsohuwar ta zuba masa ido, sai ta ce mini, "Wanga ya san yumɓu."

Da rana ta ɗan yi sanyi muka bi ta. Ƙauyen yana jingine da dutsi, kamar yawancin ƙauyukanmu na Adar, kuma wata ƴar ƙorama ta raba shi biyu. Unguwar gabas tana kan fili. Unguwar yamma tana ƙarƙashin gangaren sosai, gidaje wajen ashirin da manyan rumbunansu na ƙasa. Muka hau har saman fako. Tsagar tana nan yadda ta faɗa, ta yi baka kamar lauje, tsawonta ya fi taki ɗari biyu. Gefen da ke wajen gari ya sauka ƙasa da ɗayan da kamar kamu guda. Mushe ya jefa tsakuwa ciki, muka daɗe kafin mu ji ta tsaya. Damina biyu da suka wuce an yi ruwa mai yawa, kowa ya san haka.

Da muka sauko jikinsa yana rawa har ba ya iya riƙe kiriyon rubutu. Direba ya ce lallai a kai shi Tawa wurin likita. Kafin a ɗora shi a kamyo ya kira ni.

"Kafaran, ruwa zai sauka nan da mako biyar ko shida. Ban san ranar da zan dawo ba. Zan bar maka akwatin. Ina so ka gano inda yumɓun nan yake kwance, da zurfinsa, da inda ya jiƙe."

Na ce, "Mushe, ban taɓa yi ni kaɗai ba. Kuma a fili muke yi kullum, ba a gangare ba."

"Ka shimfiɗa wayarka a kwance, ta bi ƙugun dutsin, kada ta gangara. Sauran duk ka sani."

Kamyo ya tafi ya bar ni da ma'aikata biyu da tarin akwatuna.

Maigarin ƙauyen dattijo ne mai natsuwa, manomin albasa. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni mazaje takwas da jakuna uku, amma bai ɓoye mini ra'ayinsa ba. Ya ce tsagar nan tun zamanin mahaifinsa take. Ya ce maginiyar ta zo masa sau uku, kuma ba ya raina ta, amma tayar da unguwa guda ana gab da shuka ba wasa ba ne, wanda ke ginin ɗaki ba ya gona. Ban ga laifinsa ba.

Kwana biyun farko sun kusa sa ni kuka. Saman fako ya bushe har turaku ba sa kama wuta, sai mun zuba ruwan gishiri a gindinsu, ruwan kuwa daga rijiyar kwari za a hau da shi. Maginiyar ce ta tara matan unguwarsu, suka yi ta jigilar tuluna a ka. Duk da haka allurar sai rawa take, ta nuna wannan yanzu, in sake gwadawa ta nuna wani abu dabam. Mazajen da ke riƙe da waya suka fara kallon juna. Na ji wani yana cewa akwatin Baturensa kaɗai yake yi wa magana.

Rana ta uku na rufe akwatin. Na kama wayar daga bakinta na bi ta cikin yatsuna, taki bayan taki, yadda nake yi a soja. Can wajen tsakiya na ji ƙarfe ya karce ni. Kaifin farin dutsen nan ya feɗe robar wayar, wuta tana zurarewa ƙasa tun kafin ta kai turke. Na yanki robar cikin taya na naɗe wurin tam. Da na koma na danna, allurar ta tashi ta tsaya cak. Na sake dannawa, ta koma daidai inda ta tsaya. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har jakin da ke kusa da ni ya zabura.

A ranar ne wani Bafillace mai kiwo a saman fako ya zo, bayan ya kore shanunsa nesa da wayarmu. Ya tsaya ya jingina da sandarsa yana kallo, can ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani lotsattsen wuri a bayan tsagar, ya ce shekara da shekaru yana ganin ruwan fakon nan duka yana taruwa nan in an yi sama. Da yana kwana uku shanu na sha. Damina biyun nan kuwa kafin a yi sallah biyu ya shanye, ya bi tsagar ya shige. Na rubuta wannan a kaye, na ja masa layi biyu.

Wuri tara na gwada cikin kwana shida: uku a sama, uku a ƙugun gangaren, biyu a gindi, ɗaya a bayan unguwar gabas. Kowace rana in zafi ya hana aiki sai in zauna a zauren maigari in yi lissafi. Sannu a hankali abin ya fito. A sama busasshen dutse ne mai kauri, sa'an nan wuta ta sami hanya farat ɗaya. A ƙugu hanyar ta fi kusa. A gindi ta kusa fitowa fili, daidai ramin maginiya. Da na haɗa ɗigogin sai ga shimfiɗar jiƙaƙƙen yumɓu a karkace, ta taso daga ƙarƙashin tsagar ta gangaro kai tsaye zuwa unguwar yamma, rabin dutsin kuma yana zaune a kanta. A bayan unguwar gabas yumɓun yana can ƙasa sosai, a kwance, kuma bai jiƙe kamar wancan ba.

Bayan sallar la'asar maigari ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Na share ƙasa na zana musu da tsinke. Na yi bayani har sau biyu, ina ganin fuskokinsu ba su kama ba. Mata suna tsaye can gefe. Sai maginiyar ta ratso maza, abin da ba a saba gani ba, riƙe da wani faffaɗan dutse da ɗan dutsen niƙa. Ta jingina faffaɗan a karkace, ta ɗora ƙaramin a kai, ya zauna daram. Ta ɗauke shi, ta shafa yumɓu a faffaɗan, ta mayar, ya zauna. Sa'an nan ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta tsiyaya ta sama. Ba a yi numfashi uku ba ɗan dutsen ya sulale ya faɗi a gaban ƙafar maigari. Ta goge hannu a zanenta ta koma cikin mata.

Maigari ya daɗe yana kallon dutsen.

"Kafaran," ya ce, "ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ba ni iya ce ma mutane su rushe ɗakunansu don wata allura ta motsa. Nuna muna wuri, ka hwaɗi zurhi, mu gina. In munka iske abin da ka ce a inda ka ce, gidan ƙanena za a fara tayarwa."

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, na yarda." Na kai su ƙugun gangaren, na dangwara dugadugina a ƙasa. Na juya lissafin metir zuwa gaba, ma'aunin da mahaƙa suka sani, na ce, "Gaba biyar."

Wasu mahaƙan rijiya biyu, wa da ƙane, suka kama aiki. Gaba ta farko tsakuwa ce da jar ƙasa. Daga nan farin dutse, mai ɓawon dodon koɗi a cikinsa, wanda ke cin bakin diga. Kowace safiya ina zaune a bakin ramin ina kallon gugan da ke fitowa. Kwana na shida da azahar babban ya auna igiya ya ɗaga kai ya ce, "Gaba biyar ta cika." Aka jawo guga. Farin dutse ne, busasshe, har ƙura na tashi.

Wasu daga cikin mutanen da ke tsaye suka fara saukowa gida. Na ce a ɗaura mini igiya. Na sauka da marto, ƴar gudumar aikinmu, na durƙusa a ƙasan ramin cikin zafi kamar tanda, na bubbuga. A gefen gari dutsen yana amsawa da ƙara. A gefen sama kuwa sautin ya mutu, kamar ana bugun kabewa. Na ɗora kumatuna a wurin, na ji sanyi. Da aka fito da ni na ce wa maigari, "Ka ba ni safiya ɗaya."

Ya ce, "Na ba ka."

Kashegari kafin rana ta ɗaga, muna jin ƙarar diga daga cikin rami, ƙwal, ƙwal, sai muka ji tuɓ. Sai muryar ƙaramin mahaƙin ta taso: "Ku jawo! Ku jawo ku gani!" Gugan ya fito da nauyi, cike da yumɓu mai launin toka, ruwa na ɗiga ta ƙasansa. Mahaƙin yana ta kira daga ciki cewa ruwa na tsattsafowa ta gefen sama, ya kai masa idon sawu.

Aka aika aka kira maigari. Ya sa aka auna igiyar a gabansa. Ya dube ni, fuskarsa ba alamar wasa.

"Biyar ka ce. Wanga biyar da rabi ne."

Sai ya yi murmushi, ya ce, "Rabin gaba, na yahe maka."

Dariya ta ɓarke. Maginiyar ba ta yi dariya ba, ta tsuguna gaban gugan tana laluben wani curi babba. Ta sa yatsu ta ɓare shi, ya rabu biyu da kansa. Fuskokin biyu suna sheƙi kamar tukunyar da aka goge da dutsen guga, da ƴan siraran karce duk sun nufi waje ɗaya. Ta miƙa wa maigari. "Duba," ta ce. "Wanga ba hannu ya goge shi ba. Dutsi ne ke jan ciki a kansa."

A ranar da yamma aka fara kwance rufin gidan ƙanen maigari.

Mushe ya dawo bayan kwana biyu, ya rame, wandonsa na neman faɗuwa. Ya zauna da kayena tun safe har azahar. Ya sauka ramin da kansa. Da ya fito ya buɗe wani shafi ya nuna mini da kiriyo inda na yi kuskure a wani ninki.

"Ga rabin gabarka nan," ya ce. "Ƙasa ba ta yi maka ƙarya ba, kai ne ka yi sauri." Sa'an nan ya miƙo hannu muka gaisa, abin da bai taɓa yi ba tun da na fara aiki da shi. A takardar da ya aika biro, wato ofishinmu, ya rubuta cewa ni ne na yi awon.

Tare muka tsara abin da za a yi. Za a mayar da unguwar yamma bayan ta gabas. Za a haƙa lambatu a saman fako ya kwashe ruwan lotsattsen wurin nan ya zubar can nesa da tsagar, a kuma cike tsagar da yumɓu a daddanne. Mushe ya faɗa wa maigari gaskiya, cewa wannan zai iya jinkirta dutsin amma ba lallai ya tsayar da shi ba. Muka jera duwatsu muka shafa musu farar ƙasa, daga gindin gangaren har bakin ƙorama, iyakar inda muke zaton zai kai in ya sauko. A bakin tsagar muka kafa turaku biyu biyu, ɗaya a kowane gefe, don a riƙa auna tsakaninsu.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Ƙauyuka uku suka zo. Maza na kwance azara suna ɗauka a kafaɗa, mata na kwashe damman hatsi daga rumbuna, masu ganga na bin su. Bafillacen nan ya kawo bajimai biyu suka yi ta jan itace. Cikin mako uku unguwa ta tashi, sai gidaje takwas. Na tambayi dalili, aka ce in je in tambayi maginiya.

Na same ta a tsakar gidanta tana ginin tulu, rumbunta a karkace a bayanta.

"Inna, me nake ji haka?"

"Ni na ce su tashi," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Ban ce zan tashi ba. Cikin ɗakin ga anka haihe ni. Na tsuhwa, ɗana. In dutsi na so na, ya san inda nike."

Maigari ya yi mata magana, ɗiyarta ta zo daga ƙauyen da take aure ta yi kuka, duk a banza. Na zauna a kan turmi har ta gama wuyan tulun. Sa'an nan na ce, "Inna, gida bakwai na bayanki sun ce ba su tashi. Sun ce wadda ta san yumɓu ba ta motsa ba, su me zai motsa su? A ɗaya daga ciki akwai mai jego."

Hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon tulun.

"Ina da tukwane na shanya," ta ce. "Bari in gasa su."

Kwana uku bayan haka ta gasa tukwanenta, ta ɗora tabarmarta a ka ta haye ƙorama, gidaje bakwai na biye da ita. Mako bai cika ba ruwan shuka ya sauka.

Da damina kamyo ba ya shiga waɗannan kwaruruka, don haka Mushe ya sa ni in riƙa zuwa a kan doki daga Buza kowane mako in auna turakun. Da farko tsagar tana ƙaruwa da faɗin yatsa a mako. Mutane suka saki jiki. Kufan unguwar yamma kuwa ƙasa ce mai taki, ba mai iya barin ta haka nan. Aka shuka masara da kuɓewa da yakuwa a tsakar tsoffin gidajen, suka yi kyau har abin sha'awa.

Lokacin da hatsi ya fara fid da kai aka yi ruwa kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Na iso ƙauyen a jiƙe, na kwana, da sassafe na hau fako. Lambatun ya fashe a wuri ɗaya, ruwa na kwarara cikin tsagar, ya wanke yumɓun da muka cusa. Na auna turakun, sun ƙaru da yatsa uku. Na tsaya ina ƙoƙarin toshe lambatun da duwatsu. Da hantsi na sake aunawa. Tafin hannu guda, cikin ƴan sa'o'i. Ina durƙushe sai na ji wani sauti a ƙarƙashina, can ciki, kamar ana niƙa a wani gida mai nisa.

Ban san yadda na sauko ba, na dai iske gwiwoyina duk jini. Maigari bai tambaye ni komai ba, ganin fuskata ya isa. Ya sa aka buga ganga. Akwai mutane sun fi talatin a kufai, mata na tsinkar kuɓewa, maza na cire ciyawa. Muka bi gida gida muna kora. Wani tsoho kurma yana ɗaure awakinsa a tsohon garkensa bai ji komai ba, babban mahaƙin nan ya saɓe shi a kafaɗa, ƙanensa ya yanke igiyoyin awakin. Muka haye ƙorama ruwa iya gwiwa.

Sa'an nan ba abin da ya faru. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito. Aka yi azahar, dutsi na tsaye yana sheƙi. Wata mata ta ce ta baro ƙwaryarta cike da kuɓewa. Wani ya ce fartanyarsa kawai zai ɗauko. Maigari ya sa aka kawo masa buzu, ya shimfiɗa a bakin mashigin ƙoramar, ya zauna, ya gitta sandarsa a cinya. Bai yi wa kowa tsawa ba, kuma ba wanda ya wuce shi.

Gab da la'asar tsuntsaye suka tashi daga gangaren gaba ɗaya. Na zaci dutsi faɗowa yake yi. Wannan zama ya fara yi, kamar raƙumi zai durƙusa. Na ga itatuwan da ke ƙugunsa suna tahowa a tsaye, da ganyensu da komai. Sai ƙarar ta iso mu, ta shiga ƙirji, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Mata suka rungume ƴaƴansu, maza na salati. Rumbuna suka fashe ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwai, katangu suka kwanta, masara ta ɓace. Ba a ɗauki lokacin da za a yi raka'a huɗu ba komai ya tsaya, sai ƴan duwatsu da ke ta gangarowa. Inda unguwar yamma take babu ko kan katanga. Ɓaraguzan sun tsaya kafin fararen duwatsunmu, sai ta kudu da suka haye su da kamar taki goma, nan ma ba kowa.

Maigari ya miƙe. Ya ce kowane maigida ya ƙirga mutanensa ya faɗa da ƙarfi. Aka fara. "Gidana cike." "Gidana cike." Wani ya rasa ɗiyarsa, ya yi ta kira, sai ga ta goye a bayan maƙwabciya. Har aka kai gida na ƙarshe. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, ko na akuya.

Wata mata ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka. Mazajen da suka riƙe mini waya suka ɗaga ni sama da jinin gwiwata da komai, ina ce musu su sauke ni su ɗaga maginiya, ita kuma tana ce musu duk wanda ya taɓa ta zai sha mari. Tana tsaye tana kallon wurin da ɗakinta yake, hawaye na zuba, amma bakinta na murmushi. Muka yi la'asar a makare a bakin ƙorama, limamin ya kasa ƙarasa addu'a sai da ya tsaya ya share fuska.

Da rani ya zagayo aka ba ni ayarin kaina, da akwati da kamyo da mutum huɗu. Labari ya riga ya bazu, duk ƙauyen da ke ƙarƙashin dutsi yana son a zo a duba shi. Na auna huɗu a wannan shekarar, a kwaruruka na wajen Allakaye da Keita. A ɗaya na sa aka janye gidaje biyar. A sauran ukun na tara magidanta na ce musu su zauna abinsu, dutsinsu yana kan busasshen gindi. A na ƙarshen, wani dattijo da ya riga ya kwance rufin ɗakinsa don tsoro ya sa aka yanka mana rago. Muka ci muka ƙoshi, muka taya shi mayar da azararsa, sa'an nan muka naɗe waya muka kama hanyar kwari na gaba.